Man kaɗe a lokacin hunturu: abin da ya yi mini da inda ya gaza

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Kano ya san yadda fata ke komawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, busasshiya ce ƙayau, tana zuƙe laimar jikin mutum ko bai fita rana ba. Ƙafa ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, diddige ya fara faso. Bana sai na ajiye mayukan kwalba na koma ga ɗanyen man kaɗe, wanda na sayo a kasuwar Kurmi wajen wata dattijuwa da ke sayar da shi a dunƙule.

Sai da na tsaya na duba kafin na biya, don ana yin gauraye. Mai kyau launinsa fari ne mai ɗan ratsin rawaya, yana da ƙamshin hayaƙi na suyar ƙwallon, kuma idan ka laƙato kaɗan ka murza a tafin hannu, zafin jiki kaɗai ya isa ya narkar da shi. Wanda ya daɗe a ajiye wari yake yi mai hawa kai. Mai sayarwar ta ce mini, "'Yata, kada ki shafa a busasshen jiki, sai da ɗan ruwa-ruwa." Wannan maganar ita ce sirrin abin gaba ɗaya. Man ba ya ƙara wa fata ruwa, riƙe wanda ke cikinta yake yi. Don haka da na fito wanka, ba na goge jiki tas da tawul. Ina ɗan dangwala shi ne kawai, in narkar da man a hannu, in bi jiki tun da sauran laima. Ruwan wankan ma mai ɗumi nake haɗawa, ba tafasasshe ba, domin ruwa mai zafi sosai yana wanke maiƙon da fata ke yi da kanta, shi ya sa ƙaiƙayi ke biyo baya.

A ƙwauri da gwiwar hannu na fi ganin aikinsa. Da, kafin azahar ƙafata ta yi fari kamar na taka toka, yanzu kuwa har la'asar tana nan da laushinta. Yarana ma sun daina soshe-soshen dare, kuma tunda babu turare a ciki, hankalina kwance yake idan na shafa wa ƙaramin.

Amma ba komai yake yi ba. Faso mai zurfi ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Sai da na riƙa jiƙa ƙafa da daddare, in goge kaushi a hankali da dutse, in shafa man kaɗen, in ɗora basilin a kai, in sa safa in kwanta, sannan tsagar ta fara haɗewa. Mai ciwon sukari kuwa kada ya tsaya wannan, idan ƙafarsa ta tsage ya nufi asibiti, don rauninsu ba ya warkewa da wuri. A fuska ɗan kaɗan nake sawa da dare; ƙanwata mai maiƙon fuska ta gwada, ƙuraje suka feso mata, ta bari. Ga shi kuma da sanyin asuba yana daskarewa, sai ka yi haƙurin murzawa, sannan idan ka cika shi ƙura za ta manne maka a hanya.

Abin da ke taɓa zuciyata shi ne wahalar da ke bayansa. Matan karkara ne, a jihohi irin su Neja da Kwara da Kebbi, ke tsinto 'ya'yan kaɗanya, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa, su yi ta bugawa da hannu har mai ya taso. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon waje na wata 6 don a riƙa sarrafa shi a gida. Ina fatan ribar ta kai ga waɗannan mata.

Zan sake saye, kuma tun kafin sanyi ya shigo, in zuba a roba mai murfi in ajiye inda rana ba ta kaiwa.