Hattara da mai tallar kashe ƙarar mota a Zariya

Jama'a, akwai wani yaro da ke talla a Facebook wai yana kashe ƙarar cikin mota. Naira dubu 85 ya ci min. Dubu 85, a wannan marra!

Corolla gare ni. In na hau titin Kaduna, da na wuce Dan Magaji sai wani gurnani ya cika motar, ko rediyo ba ka ji. Kuma kar wani ya zo yana ce min ban bincika ba. Na tambaye shi me zai liƙa, ya ce butyl ne, wata irin roba mai fuskar alminiyam, wanda ake mannawa a cikin ƙofofi da ƙarƙashin kafet da but don ya hana ƙarfen karkarwa. Kuma haka na gaskiyar yake aiki, ban ji ƙarya a bakinsa ba. Ya ɗauko guntu ya miƙo min, na taɓa, na shinshina, babu wari. Har yanzu ina ganinsa ya dafa ƙirji yana cewa, "Yallaɓai, in ka ƙara jin ƙara, dawo ka karɓi kuɗinka." Ya dafa ƙirji fa! Wa zai ga wannan ya ƙi yarda?

Dubu 50 na tura masa kafin alƙalami, cikon 35 hannu da hannu a Sabon Gari. Kai, ina jin ma guntun nan sai bayan na tura ya nuna min, amma dai ya nuna.

Bayan ya gama aikin, na ajiye motar a rana a Samaru, ina buɗe ƙofa warin kwalta ya doke ni, gilashin gefen direba ya ƙi sauka. Da bakanikena ya cire murfin cikin ƙofar, ashe abin nan ne da ake toshe yoyon kwanon rufi da shi. Ya narke ya dalala har kan wayoyi. Ƙofofin gaba kawai yaron ya taɓa, kafet ko ɗaga shi bai yi ba. Na dubu 85!

Gurnanin kuwa yana nan. Bakanike ya ɗaga motar da jak, ya juya tayar baya da hannu, ya ce boris ne ya ci. Shi ya sa ƙarar ke ƙaruwa da gudu, take kuma canzawa in na karya kwana. Shi wannan mai tallar da ya zauna kusa da ni muka zaga gari, zai ce bai gane ba?

Na kira ya ce yana Kano, daga baya ya toshe ni. Hoton hirarmu da shaidar tura kuɗin da hoton ƙofar duk suna wayata, zan ɗora su da daddare.

Ku fara kai wa bakanike ya duba boris, taya, salansa da robar ƙofa. In za a liƙa muku wani abu, ku tsaya a kai, ku shinshina wanda za a saka. Yanzu kankare kwaltar ma wani kuɗin ake nema a hannuna, bayan dubu 85. Allah Ya isa tsakanina da shi.