Gyaran da na yi wa Prado don hawan Mambila da iyali: abin da ya biya kuɗinsa da abin da na sauke

Motata Toyota Prado ce ƙirar 2008, mai inji V6 lita 4.0, 'yar Kwatano. A Gombe nake zaune, amma dangin uwargida mutanen Mambila ne, kuma kawunta yana da shanu a wata ruga da ke bayan Nguroje. Tun da yaranmu uku suka yi wayo suke roƙona mu riƙa kwana a rugar cikin tanti, mu daina sauka a gari muna kai ziyarar wuni ɗaya muna juyowa. Wannan roƙon ne ya sa na zauna na kashe wa motar kuɗi. Yanzu mun yi tafiya uku da ita bayan gyaran, biyu da rani, ɗaya a ƙarshen damina, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Tafiyar da muka yi kafin gyaran ita ta nuna mini inda matsalar take. Mu biyar ne a ciki, ga jarkar ruwa biyu masu lita 25, wato kilo 50 ke nan tun ba a sa komai ba, ga buhun shinkafa da tsarabar surukai, ga katifu da tukunyar gas. Motar ta zauna da gindi. Tsakanin Bali da Serti duk ramin da muka faɗa sai ka ji bayan ya buga dam, yara su ɗaga su dawo. Da magariba ta yi sai fitila ta koma haska saman bishiyoyi, masu zuwa ta gabana suna ta ƙyafta mini tasu. A kan tsauni kuma, a hanyar burjin da ke shiga rugar, dutse ya tsaga gefen tayar baya, tsagar da ba mai facin da zai iya yi mata magani.

Saboda haka da ƙasan mota na fara. Na sa aka kawo mini sifirin da shokazoba na Old Man Emu, kayan kamfanin ARB na Ostireliya, duka ƙafa huɗu. Sun ɗaga motar kamar inci biyu. Amma ɗagawar ba ita ce ta burge ni ba, domin mutane da yawa suna ɗaga mota da 'yan robobi ko ƙarfen da ake cusawa a saman sifirin, mota ta yi tsayi a ido, tsohon sifirin kuwa yana nan a gajiye. Abin da na saya shi ne ƙarfin ɗaukar kaya. Sifirin ɗin nasu kashi-kashi ne, akwai na motar da ke yawo ba kaya, akwai na matsakaicin kaya, akwai na wadda kullum a loda take. Na ɗauki na tsakiya a baya. Ranar da muka sake yin lodi irin na da, na ja da baya na kalli motar a ƙofar gida, tana tsaye daidai, gaba da baya ɗaya. A gargadar hanya kuma ta daina wannan lilon da take yi bayan an wuce rami. Sau ɗaya take dirawa ta tsaya. Uwargida, wadda tafiyar Mambila ke bar wa ciwon baya na kwana biyu, ita ta fara cewa, "Maigida, yau kam ban ji hanyar nan a jikina ba." A cikin gari idan ni kaɗai ne a ciki takan ɗan yi tauri, ina jin tudun rage gudu fiye da da. Ni na zaɓi hakan da sanina, kuma da za a sake ba ni zaɓi shi zan ɗauka.

Inda na sha wahala wajen ɗaurawa ne. Bakaniken da ya fara yi mini aikin ya ɗaure notinan ƙafa tamau alhali motar tana rataye a kan jak, tayoyi na reto. Da aka sauke ta nauyi ya zauna, sai robobin bushin suka murɗe a ciki. Ba a yi wata biyu ba na fara jin ƙiƙi-ƙiƙi a gaba. Bai kuma ce mini in je a yi alaimen ba, har sai da na lura gefen taya ɗaya ya fara cinyewa. Wani dattijon bakanike ne ya shiga rami da tocila, ya kira ni na sunkuya, ya nuna mini robar ta tsattsage kamar busasshen ƙafa da hunturu. Ya ce, "Alhaji, kaya masu kyau ka saya, hannu ne bai yi ba. Irin wannan notin sai mota ta tsaya da ƙafarta ake ƙarasa ɗaure shi." Na sake sayen bushin, na sake biyan kuɗin aiki. Duk wanda zai yi wannan gyara ya tsaya a kan motarsa ranar, ya ga an sauke ta kafin ɗaurin ƙarshe, daga nan kuma ya zarce wurin alaimen kai tsaye.

Sai taya. Wadda motar ta zo da ita 265/65R17 ce. Na koma BFGoodrich All-Terrain KO2, 265/70R17, guda biyar har da safaya. Safayar nan kada a yi mata rowa: Prado fowil ɗinta kullum a kunne yake, ƙafa huɗu ke ja, ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran a girma. Sabon girman ya ƙara wa motar tsayi kaɗan, kamar rabin inci, kuma ya sa mitar gudu tana rage gaskiya da kusan kashi 3 cikin 100, idan ta nuna 100 to kana kan 103. Da na je saye na duba lambobi huɗun nan na ƙarshe da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, don kada a haɗa ni da wadda ta shekara biyar a sito. Tafiya uku, duwatsun Mambila da ƙayoyin hanya, ban yi faci ko sau ɗaya ba. Gefenta yana da kauri, kuma nan ne dutse ke kashe taya.

Sai dai tayar ba ta nuna kanta sosai ba sai da na haɗa ta da wani ɗan abu da ya fi komai araha a duk gyaran: ƙaramin injin ba taya iska da ake maƙala wa batir, da gejin auna iska. Masu facinmu sun saba ɗura 45 ko 50 a kowace taya, taya ta zama kamar dutse. A kwalta ina barinta wajen 35 idan da kaya. A watan Oktoba, saura kamar kilomita biyu mu isa rugar, muka tarar da wani hawa na jar laka da ruwan daren jiya ya jiƙa, sulɓi kamar an shafa sabulu. Na gwada sau ɗaya, motar ta fara zamewa gefe tana nufar kwari, na tsaya na dawo da baya a hankali. Na fito, na durƙusa a cikin caɓi, na sassauta iskar kowace taya zuwa 20. Babban ɗana yana riƙe da geji yana karanta mini lamba, ƙannensa sun manna fuska a gilashi. Tayar ta baje a ƙasa kamar tafin raƙumi. Na ja ƙaramin liba na sa ƙaramar giya, na taka mai kaɗan ba tare da na ƙara ko na rage ba, motar ta hau tana tafiyar hawainiya har sama, ba ta juya taya a banza ko sau ɗaya ba. Wasu samari da suka ajiye babur suna jiran su tura mu sai suka ɗaga hannu kawai. Da za mu koma kwalta na mayar da iskar cikin 'yan mintuna. Wannan mayarwar wajibi ce, domin gudu da taya mai ƙarancin iska yana dafa ta ne har ta fashe.

Yanzu ga inda na yi asara. Na sayi kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota, da tantin nan da ake ɗaurawa a kai, mai buɗewa kamar littafi, da tsaninsa. A hoto ba abin da ya kai shi kyau, kuma gaskiya katifarsa tana da daɗi, buɗe shi bai fi minti biyar ba. Amma shi da kariyar sun kusa kilo 90, kuma duk a can ƙololuwar mota, inda nauyi ya fi zama haɗari. Hawan da ke farawa bayan Mayo Selbe kwana ne a kan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya gefen. A kowace kwana ina jin motar tana jingina fiye da yadda na san ta, hannuna ya jiƙe a kan sitiyari. Ga shi a sama iska ba ta da kauri, tsaunin ya kai mita 1,600 a yawancin wurare, inji yana rasa wani abu daga ƙarfinsa, ga ƙarin kaya. A gangarowa kuwa dole na riƙe ta da giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya, don kada birki ya yi zafi ya saki. Mai ma ya nuna: bisa lissafina daga cika tanki zuwa cika tanki, da ina samun kusan kilomita 7 a lita, da tanti a sama na dawo wajen 6. Wani ɓangare na wannan tayoyin ne, amma da na sauke tantin rabin abin ya dawo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan bambancin a tafiyar Gombe zuwa Numan zuwa Jalingo zuwa Gembu da dawowa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Daren farko a rugar ne ya ƙarasa yanke mini hukunci. Tantin mutum uku yake ci, don haka uwargida da ƙananan biyu suka hau, ni da babban muka kwana a ƙaramin tantin ƙasa. Mambila fili ne na ciyawa, tudu bayan tudu, ba abin da ke tare iska sai 'yan layukan bishiyar turare. Wajen ƙarfe biyun dare iska ta taso, tantin sama ya riƙa kaɗawa, motar na rawa da su. Sai autarmu, 'yar shekara huɗu, ta farka tana son fitsari. Na fito da tocila a baki, raɓa ta jiƙa tsanin ƙarfen ya yi sanyi kamar ƙanƙara, na hau na karɓo ta daga hannun mahaifiyarta, na sauko da ita da hannu ɗaya, ƙafata tana laluben matakala a cikin hazo. Ƙafar ta zame a mataki na biyu daga ƙasa. Allah Ya kiyaye, a tsaye na dira, yarinyar na ƙirjina. Ban koma barci ba. Da asuba Kawu ya fito da butarsa, ya daɗe yana kallon tantin a saman mota, sannan ya ce, "Malam, ai mu nan ƙasa muke bi saboda iska. Gobe ku sauko da yaran nan bayan garke, ya fi ɗumi." Akwai kuma abin da ban yi tunaninsa ba sai a can: muddin tanti yana buɗe, mota ta zama gida, ba za ka je Nguroje sayen burodi ba sai ka kwashe shimfiɗa ka naɗe komai. Ga mutum biyu masu kwana ɗaya su wuce gaba, ko inda ƙasa take da dausayi, na ga amfaninsa. Ga mai ƙananan yara da zai yi kwana huɗu wuri ɗaya, babban tantin ƙasa mai ɗaki biyu ya fi shi ta kowace fuska, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Ƙaramin firjin mota mai lita 40 da batir na biyu da aka haɗa masa, ban so saye ba, uwargida ce ta dage. A kan tsauni ba ka buƙatarsa, sanyin wurin ya ishe ka. Amfaninsa a hanya ne, a zafin Numan, da kuma dawowa: kindirmo da man shanu da naman da Kawu ya yanka mana sun iso Gombe lafiya bayan kwana biyu a mota. A tabbata dai an sa na'urar da ke raba batiran biyu idan an kashe inji, da fis a kusa da batir, kada firji ya shanye wanda zai tayar da mota. Na kuma cire kujerun baya na layi na uku, wani kafinta ya yi mini akwatin katako mai aljihu biyu, kaya masu nauyi suka koma ƙasa kusa da tayoyi, aka ɗaure su da bel.

An yi ta ba ni shawarar in sa bambar ƙarfe da injin jan mota a gaba. Ban sa ba. Nauyi ne babba a kan hanci, kuma a filin Mambila sau da yawa ba bishiyar da za ka ɗaura wayar injin a jikinta. Shebur nake ɗauka, da igiyar ja mai ƙarfi, da allunan roba biyu na sawa a ƙarƙashin taya. Tsofaffin Land Rover da ke jigilar kaya a ƙauyukan tsaunin ba su da ko ɗaya daga cikin kayan adon nan, kuma suna shiga inda ni ba zan kuskura ba. Ba na tafiyar dare, kuma kafin in bar Jalingo sai na kira Kawu da direbobin tasha na ji labarin hanya.

Tantin sama yana jingine a gareji tun dawowarmu ta biyu, na sa shi a kasuwa. Kariyar na bar ta, katifu da kujerun naɗewa kawai take ɗauka yanzu. A tafiya ta uku mun kafa tantin ƙasa a bayan garke inda Kawu ya nuna, auta ta yi barci har hantsi, sai kukan maruƙa ne ya tashe ta. Hutun Disamba mai zuwa muna so mu tsaya a Serti mu shiga gandun dajin Gashaka Gumti tare da ma'aikatansa kafin mu hau tsauni, kuma abin da ya rage in saya kafin nan farantin ƙarfe ne na kare ƙasan inji.