Flatland ko Hyperspace? Ɗauki Flatland kawai

Malam, ka tambaya wane littafi za ka karanta tsakanin Flatland da Hyperspace, to Flatland za ka ɗauka. Duka biyun ina da su, kuma in dai so kake 4D, wato daimenshon huɗu (tsawo, faɗi, zurfi da wani na huɗu a kansu), ta zauna maka a kai to shi ne. Ɗan siriri ne, wani hedimasta a Landan mai suna Edwin Abbott ya rubuta shi tun 1884, labarin wata duniya ce shimfiɗaɗɗiya kamar takarda wadda mutanenta tsawo da faɗi kaɗai suka sani, babu sama babu ƙasa. Ran nan sai ƙwallo ta zo ratsa duniyar tasu, shi mai ba da labarin bai ga ƙwallo ba sam, da'ira ya gani tana girma tana girma sannan ta dinga ƙanƙancewa har ta ɓace.

Akwai ƙanina ɗan sakandare da ya dame ni da gardama wai duk tatsuniya ce, na ɗauko lemo da wuƙa na yanka shi siri-siri na jera a faranti, ƙarami, babba, babba, ƙarami, na ce masa ɗan duniyar takarda iya waɗannan zai gani ɗaya bayan ɗaya, lemon kansa kuwa har abada. Yaron ya yi shiru can sai ya ce to Yaya kenan in ƙwallon 4D ta ratsa ɗakin nan ƙwallo za mu gani ta fito daga babu ta kumbura ta motse ta ɓace? Wallahi na ji daɗi, don ban kai ga faɗa masa ba. Daga nan har kusurwoyin tesarak, wato kiyub na 4D, muka lissafa, murabba'i kusurwa 4, kiyub 8, shi kuma 16. Sai dai ka yi haƙuri da rabin farko na littafin, habaici ne yake wa Turawan zamaninsa kan girman kai da raina mata, a kashi na biyu ƙwallon take zuwa.

Hyperspace na Michio Kaku, na 1994, ba laifi, amma daimenshon 10 da tarihin fizis ne zalla ga kauri, nawa yana can yana shan ƙura.

Sannan ka kula da 'yan damfara. Flatland ya tsufa, kyauta yake a shafin intanet na Project Gutenberg, duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya tura maka PDF a WhatsApp cinka zai yi. In kuma na takarda kake so ka buɗe shi a gaban mai shagon ka duba zane-zanen, jabun bugu ya yi yawa, hotunan duk sun dushe wani ma shafuka sun yi tsalle, kuma littafin nan ba zane ba ka ga komai ba. Masu tallan kwas na "buɗe ido zuwa 5D" kuwa ko kallonsu kar ka yi, ba lissafi suke sayarwa ba.