Gas ne ya ragu ko ƙura ce ta toshe esin?

Malam, ka ce esinka mai kai biyu, ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, yana hura iska amma ba sanyi. Mai gyara na farko ya ce a zuba gas, na biyu ya ce wanki kawai yake so, kana tambaya wa za ka bi. Kana iya bambancewa da kanka kafin ka fitar da ko sisi.

Fara da sa hannu a bakin na cikin ɗakin. In datti ne, iskar ba ta da ƙarfi, sai ka matso kusa kafin ka ji ta, amma ɗan abin da ke fitowa da sanyinsa. In gas ne ya ragu, iskar na zuwa da ƙarfinta kamar ta fanka, sanyin ne babu.

Sai ka bar shi ya yi kamar minti 15 yana aiki, ka zagaya wurin na waje. Bututu biyu ne ke shiga jikinsa, siriri da mai kauri. A lafiyayyen esi, mai kaurin yana da sanyi, yana gumi. In ƙanƙara ta kama siririn, mai kaurin kuma ba sanyi, alamar gas ce. In mai kaurin ne ya yi ƙanƙara, galibi iska ce ba ta wucewa a ciki saboda ragar tace ƙura ta na ɗakin ta toshe, kuma sau da yawa za ka ga na ɗakin yana ɗigar da ruwa a bango. Duba notin da suka ɗaure bututun ma: maiƙo a wurin yana nuna gas na yoyo, domin tare da man kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin, yake fita.

Ni dai na fi karkata ga mai gyara na biyun. Wanda duk ya wuce hunturu bai buɗe esinsa ba, ya san abin da ƙurar nan take yi wa raga. Wanke ta ba ya cin kuɗi: ka kashe wuta, ka zare ta, ka wanke da ruwa, ta bushe a inuwa. Bayan na waje ma yana cushewa, shi ya sa wani esin yake sanyi da asuba, rana na take ya sare.

Gas kuwa ba fetur ba ne, aiki ba ya cinye shi. Zagayawa yake a rufe, in ya ragu to akwai huda. Mai gyaran da zai zuba maka bai nemi hudar da kumfar sabulu ya toshe ba, zuba ruwa a kwando ya yi, kuma da bazara za ka sake kiransa. In ta tabbata gas ɗin ne, karanta takardar da ke manne a jikin na waje: R22, R410A ko R32. Ba a gauraya su, kuma R32 yana iya kama wuta, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Akwai dalili na uku da masu gyaran biyu ba su ambata ba. In na waje yana gurnani amma kwamfireso bai tashi ba, galibi ko dai kafasita, wato na'urar da ke taimaka masa tashi, ta mutu ko ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa sosai da volt 220. Kashe shi nan take kada ya ƙone, ka sa a auna wutar tukuna.