Tsohon kare mai ciwo biyu ko uku: me za ka saya, me za ka bari

Karen gadinmu da ya kai shekara 11 sai ya koma shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari kuwa ba a magana, ga tashi daga kwance sai da ƙyar, gwaji ya nuna ƙoda ta fara gajiya kuma ga ciwon gaɓoɓi. To a irin wannan yanayin maganin ciwo ɗaya shi ke tada ɗayan, shi ya sa kuɗinka na farko ya tafi a gwaji, ba a kemis ba.

Asibitin dabbobi na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi amma ba kowanne ke da injin gwajin jini ba, na kuɗi sun fi sauri sai dai aljihu ya ji a jikinsa, in kuma ciwon ya haɗu da yawa ni dai na fi son asibitin koyarwa irin na ABU Zariya ko na jami'ar Danfodiyo a Sakkwato, don can akwai hoto da sikanin da likitoci fiye da ɗaya. Ka ce a duba creatinine da urea (su ke nuna yadda ƙoda ke aiki) da suga da fitsari, a kuma duba cutar kaska, don ita ma tana ramar da kare ta shanye masa jini.

Maganin gaɓoɓi nan ne ake kuskure wallahi. Meloxicam da carprofen suna aiki sosai, kare ya miƙe kamar ba shi ba, amma ƙodar da ta raunana suna ƙara mata nauyi, kuma ba a haɗa su da maganin kumburi na prednisolone saboda gyambon ciki, shi prednisolone ɗin ma yana ɗaga suga. Ibuprofen da diclofenac na mutane kuwa kar ma ka fara, suna iya kashe shi. Namu karen, likita gabapentin ya rubuta masa kaɗan kaɗan da man kifi, ba su kai waɗancan ƙarfi ba gaskiya amma ƙodar ta samu sarari. Shi kuma furosemide na masu ciwon zuciya, yana zuƙe ruwa ƙoda ta wahala, dole a riƙa maimaita gwaji.

Abinci kuma akwai na karnuka masu ciwon ƙoda, Royal Canin Renal da Hill's k/d, an rage musu sinadarin phosphorus mai yi wa ƙodar nauyi, tsada kam akwai kuma ba kullum ake samu ba. Dafa na gida ya fi araha, shinkafa da ɗan nama da farin ƙwai, amma likita ne zai auna maka, banda ƙashi banda gishiri da maggi, albasa kuwa guba ce ga karnuka.

In suga ta shigo ciki, allurar insulin ce galibi sau 2 a rana kuma sai an ajiye ta a sanyi, saboda haka ka fara tabbatar da firij ɗin da ba ya mutuwa kafin ka biya kuɗin kwalbar.