Asibitin dabbobin da na kai Ladi

A Kano in aka ce asibitin dabbobi, raguna da kaji da karnukan gadi ake tunani. Mage kuwa in ta kwanta ciwo, sai a ce a ƙyale ta, za ta miƙe da kanta. Shi ya sa nake son masu maguna su san da wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ke wajen Nassarawa.

Magena Ladi ta haura shekara 13 a gidanmu. Marigayi Malam ne ya tsinto ta a bakin kwata wata ranar Lahadi, ko ido ba ta gama buɗewa ba. Tun da ya rasu, a kan buzunsa take kwana, ni kuma na kasa naɗe buzun saboda ita. Bana sai ta fara ramewa, ga yawan shan ruwa, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Kifin da take mutuwar so, sai ta shinshina ta kau da kai.

Likitan matashi ne, amma hannunsa ya san mage. Ya naɗe ta a tawul, ya duba dasashinta, sannan ya kama fatar bayan wuyanta ya ɗaga ya saki. Fatar ta tsaya cak, ba ta koma ba. Ya ce ruwan jikinta ya yi ƙasa sosai. Da sakamakon jini ya fito, bai yi mini kwana-kwana ba.

"Hajiya, ciwon ƙoda ne, yana yawan kama tsofaffin maguna. Ba ya warkewa. Abin da za mu iya shi ne mu sauƙaƙa mata."

Wannan gaskiyar ce ta sa na yarda da wurin. Da wani ne, da ya yi ta rubuta allurai yana karɓar kuɗi. Shi kuwa koya mini ya yi yadda ake ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata a gida, don kada a riƙa wahalar da ita a adaidaita sahu. Ya kuma ja kunnena a kan Panadol: hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka ma ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, tana ɓata musu jini.

Inda suka gaza shi ne wurin jira. Zaure ɗaya ne na kowa, kare na haushi, rago na tirjiya, Ladi na makyarkyata a cinyata. Abincin masu ciwon ƙoda kuma daga waje ake kawo shi, ga tsada, ga yawan yankewa.

Ta rayu har ƙarshen damina. Ranar da ta mutu, har cikin dangi an samu mai ce mini, "Mage ce fa." Na yi shiru, amma ai mun san sahabin da ake wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar magensa. Da na kira likitan, sai ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya, kin riƙe amana." Ya ce in mayar da ruwan da ban buɗe ba, kuma ya maido mini kuɗinsa.

Wanda zai je ya yi sammako kafin masu raguna su cika wurin, ya sa magen a kwando mai murfi. Suna yi wa 'ya'yan mage rigakafi tun daga sati takwas, har da allurar ciwon haukan kare in sun kai wata uku.