Jane Foster ko Barbara Gordon?

A unguwar Nima 'yar ƙanwata ta tare ni: "Kawu, labarin wacce zan fara karantawa?"

Dukansu jarumai ne a littattafan labari na zane (comics). Barbara ta kamfanin DC, mugun nan Joker ya harbe ta a labarin 1988 ƙafafunta suka shanye, don kawai a ƙona zuciyar mahaifinta. Daga baya ta zama jaruma mai suna Oracle, tana kan keken guragu tana taimakon jarumai da kwamfuta. A 2011 kuma aka miƙar da ita tsaye, abin bai yi wa masu nakasa da yawa daɗi ba.

Jane ta kamfanin Marvel kuwa sankarar mama ce ke cin ta. Duk sanda ta ɗaga gudumar jarumi Thor, wadda ke ba ta ƙarfinsa, maganin asibiti ya wanke daga jikinta, ciwon ya zauna daram. Tana sane, take ɗagawa.

Na ce ta fara da Jane.